Yadda Ake Gano Ciwon Injin Ban Ruwa Na Fetur Da Gyara Shi A Bakin Lambu

Ka sauke inji daga bayan mashin, ka ɗaura mesa, ka cika masa ruwa, ka ja igiya har kafaɗa ta yi tsami, sai ya yi tari ɗaya ya yi gum. Ga tumatir ya fara sunkuyar da kai, ga bakanike yana can cikin gari. Duk wanda ya yi noman rani, ko a Kadawa ne, ko a fadamar Haɗeja, ko a gonakin albasar Galmi, ya san irin wannan safiya. Na sha shiga wannan hali, kuma abin da na gani shi ne yawancin ciwon waɗannan injina bai kai a kai su gareji ba. Ko datti ne a cikin mai, ko ƙura ta toshe filta, ko fulogi ya gaji. Mai gaggawar da ke kwance komai lokaci guda, shi ne ke mayar da ƙaramin ciwo babba.

Injin da nake magana a kai shi ne na inci biyu ko inci uku mai kan Honda GX160, da kwafinsa na ƙasar Sin da za ka ga an buga wa 168F a jiki. Irin wannan kan ne a kan injin markaɗe da wasu janaretoci, don haka bayanin zai yi maka aiki a can ma. Ba a gauraya masa fetur da baƙin mai, kowanne da mazubinsa.

Abu huɗu inji ke nema kafin ya tashi: fetur mai tsabta, iska, wuta a bakin fulogi, da matsi a cikin silinda. Aikinmu shi ne gano wanda ya ɓace cikin huɗun nan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ka taɓa abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce gaba. In ka taɓa uku tare, ko inji ya tashi ba za ka san abin da ya warkar da shi ba.

Kayan aiki

- Sifanar fulogi, lamba 21
- Sifana lamba 8, 10, 12 da 14
- Sukurdireba mai faɗin baki, babba da siririya, da mai tauraro
- Filaya
- Sabon fulogi guda: NGK BPR6ES, ko F7TC da ke zuwa da injinan Sin
- Kwalba mai haske wadda ta bushe sarai, mazurari, da tsumma mai tsabta
- Faranti ko murfin bokiti na zuba ƙananan kusoshi, don abin da ya faɗa cikin yashi ya tafi ke nan
- Tsohon burushin haƙori da sili ɗaya na jan ƙarfe daga cikin wayar lantarki
- Fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara
- Lita ɗaya ta fetur daga gidan mai, da baƙin mai rabin lita da ɗoriya
- Gwangwanin feshin wanke kafireta, in akwai. In babu, fetur da famfon keke sun isa

Kafin ka sa hannu: babu taba, babu wutar dafa shayi kusa. Ka bar salansa ta huce. Ka cire hular fulogi duk lokacin da za ka sa yatsa kusa da abin da ke juyawa. Kada ka zuƙi fetur da baki, kuma kada ka tayar da inji a cikin ɗaki ko rumfa rufaffiya, domin hayaƙinsa yana kisa ba tare da mutum ya ankara ba.

1. Fara da abubuwan da ake jin kunyar dubawa

Makunni yana kan ON? Famfon mai a buɗe yake? Cok a rufe yake in inji da sanyi, a buɗe in da zafi? Akwai mai a tanki, ko dai ƙarar ragowar ce ka ji da ka girgiza?

Sai baƙin mai. Yawancin waɗannan injina suna da na'urar da ke ɗauke wuta da zarar baƙin mai ya yi ƙasa. Ka ajiye inji a wuri madaidaici, ka kwance murfin, mai ya kamata ya zo har leɓen ramin. Cikinsa duka bai wuce lita 0.6 ba. Na taɓa sayen sabuwar kafireta da sabon koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, saboda injin da ke mutuwa bayan minti biyu, ashe a gangaren bakin rafi na girka shi, mai ya karkata gefe guda, na'urar ta ga kamar babu. Bulo ɗaya da na sa a ƙarƙashinsa shi ne maganin.

Idan igiya ta ƙi jawuwa sam, kada ka yi kokawa da ita. Cire fulogi ka sake ja. In ta saki har mai ya feso daga ramin, baƙin mai ne ya cika silinda saboda an kwantar da inji a kan mashin. In har yanzu a ƙage take, mai yiwuwa tsakuwa ko tsatsa ce ta riƙe fankar da ke cikin famfon ruwa, sai ka buɗe bangon famfon ka duba.

2. Gwada fetur

A ƙarƙashin kafireta akwai ɗan kofin ƙarfe mai kusoshi biyu: ɗaya a tsakiya, ɗaya a karkace. Ta karkacen ita ce ta zubar da mai. Ka tara kwalba, ka sassauta ta da lamba 10, famfon mai a buɗe. Abu biyu kake kallo.

Na farko, gudu. Mai ya riƙa zuba ba yankewa. In ɗis-ɗis yake yi, akwai toshiya a sama: ko matatar da ke gindin tanki, ko tiyo, ko ɗan kofin tara datti da ke ƙarƙashin famfon mai. Ka rufe famfo, ka kwance wannan ƙaramin kofin, ka wanke, ka lura da robar bakinsa kada ta ɓace.

Na biyu, kamannin man. Ka ɗaga kwalbar ka bar ta ta natsu. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kamar ƙwallon gilashi. Man da ya kwana watanni a tanki yana yin ja-ja da wari mai tsami. Wanda aka surka da kalanzir kuwa, ka ɗiga a bayan hannu: fetur na gaske yana bushewa nan take ya bar sanyi, mai surki yana barin maiƙo. Ba duk ɗan bumburutu ne ke surki ba, amma jarkar da ta sha rana da raɓa ba ta rasa datti. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka juye tankin kaf, ka ɗauraye da fetur kaɗan, ka zuba sabo ta cikin tsumma mai tsabta.

Akwai wani ciwo da ke ruɗa mutane: inji ya yi aiki lafiya na minti goma ko ashirin, sai ya fara shaƙewa ya mutu, a bar shi ya huta ya sake tashi. Da zarar ya mutu ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska, kuma ya tashi nan da nan, ƙofar numfashin murfin ce ta toshe da ƙura, mai ya kasa gangarowa. Wanke murfin ko canza shi.

3. Fulogi da wuta

Ka goge ƙurar da ke kewaye da shi kafin ka kwance, don kada ta faɗa cikin silinda. Bakin fulogi yana ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. Ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya. Baƙi da kunkunniya a bushe, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo, inji yana cin baƙin mai. Fari fat, mai ya yi kaɗan kuma inji yana zafi. In ka tarar da shi jiƙe da fetur, mai yana zuwa amma bai kama ba: ko babu wuta, ko ka cika shi da cok. In a bushe yake ƙayau bayan ka ja sau goma, mai ne ba ya isowa.

Gwajin wuta: mayar da fulogi cikin hularsa, ka jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen inji, nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba. Ka riƙe ta robar hula, ko ka danne da busasshen kara, sannan ka ja igiya. A inuwa za ka fi gani. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas shi ake so. Ja mai rauni ko babu sam, ka sa sabon fulogi ka sake gwadawa.

Tazarar bakin fulogi milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. In babu fila geji, katin ATM kaurinsa 0.76 ne, ya shiga daf-daf ba tare da ya yi lilo ba. Wajen mayarwa ka fara ɗaura shi da yatsu har ya zauna, sannan sifana. Kan injin alminiyom ne, in ka tilasta fulogi a karkace ka cinye zaren, gyaran ya fi ƙarfin bakin lambu.

Sabon fulogi ma bai ba da wuta ba? Ka zare wayar rawaya da ke fitowa daga gindin inji, ta na'urar baƙin mai, ka gwada. In wuta ta dawo alhali mai a cike yake, na'urar ce ta lalace. In ba ta dawo ba, ka zare baƙar wayar da ke zuwa makunni. Ta dawo, makunni ne ko waya ta goge tana taɓa jiki. Ba ta dawo ba, saura hula da koyil. Mutane da yawa suna zare wayar rawayar nan su bar ta haka har abada. Ni ban ba ka wannan shawara ba, sai dai ka ƙarasa ban ruwan yau, domin ranar da baƙin mai ya ƙare ba abin da zai tsayar da inji sai ya ƙone.

Koyil da ya fara mutuwa yakan yi aiki da sanyi, ya ɗauke wuta da ya yi zafi. Saboda haka injin da ke mutuwa bayan ya ɗumama, in ba murfin tanki ba ne, ka gwada wutarsa nan take kafin ya huce. Wajen sa sabon koyil, tazararsa da maganaɗisun fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan murfin igiya, wajen milimita 0.4 ce. Ka sa katin gayyatar biki mai ɗan kauri a tsakani, ka bar maganaɗisu ya ja koyil ya danne katin, ka ɗaure, ka zare.

Idan akwai wuta, ga gwajin da ke raba gardama: zuba rabin cokalin shayi na fetur a ramin fulogi, ka ɗaura, ka ja. Ya tashi na daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, to wuta da matsi lafiya, ciwon yana hanyar mai. Bai ko yi tari ba, ka tsallaka zuwa mataki na 7. In kuma fulogi ya jiƙe ne tun farko, akasin haka za ka yi: rufe famfon mai, buɗe cok, ja igiya sau biyar ko shida babu fulogi don silinda ta bushe.

4. Filtar iska

Lokacin ban ruwa shi ne lokacin hazo da ƙurar hunturu, don haka filta tana cika da wuri. Alamarta baƙin hayaƙi, shan mai da rashin ƙarfi. Cire ta ka tayar na ɗan lokaci. In inji ya washe, ita ce. Ta soso ana wanke ta da ruwan omo, a shanya ta bushe sarai, a ɗiga baƙin mai kaɗan, a matse har ya daina ɗiga. Ta takarda ba a wanke ta, kakkaɓe ta ake yi ko a canza. Kada ka yar da filta ka ci gaba da aiki wai inji ya fi ƙarfi haka. Ƙurar da yake shaƙa samfefa ce ga ringi da silinda, kafin damina ta faɗi zai fara hayaƙi. In soson ya ruɓe kuma babu sabo, ka yanko sabon soson katifa marar kauri sosai daidai gurbin, ya riƙe ka zuwa ranar kasuwa.

5. Wanke kafireta

Nan ne yawancin ciwon yake, kuma nan ne ake yawan yin ɓarna. Babbar alama: inji yana aiki da cok a rufe ko rabi, da ka buɗe sai ya mutu. Ma'anarta ƙofar da mai ke bi ta ƙuntata.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton sandar gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji, da siririn sifirin da ke tare da ita da wayarka. Za ka gode wa kanka wajen haɗawa. Sau da yawa ma ba sai an sauke kafiretar ba.

Rufe famfon mai, zubar da abin da ke kofi, sannan ka kwance kusar tsakiya ka sauke kofin. Ka lura da yadda kusar zubar da mai take fuskanta don ka mayar haka. Goge tsatsa da laka da ke gindinsa. Za ka ga fulot, robar nan da ke yawo a kan mai, rataye da ɗan siririn ƙarfe. Zare ƙarfen, fulot zai sauko da allurarsa. Duba bakin allurar: in ya yi zobe ko ya cinye, shi ne ke sa mai ya yi ta zuba daga kafireta inji na tsaye.

A cikin bututun tsakiya akwai babban jet na tagulla, wato 'yar kusa mai huji da mai ke bi ta cikinta. Ka nemi sukurdireba da ta cika tsagar daidai, ka danna sosai kafin ka murɗa. Tagulla tana da laushi, in baki ya zame sau biyu tsagar ta tafi. Bayan jet akwai dogon bututu mai ƙananan huji a jikinsa, ka ɗan buga kafiretar a tafin hannu zai faɗo. Ɗaga kowanne ka kalli rana ta cikinsa. Ka bi kowane huji da silin jan ƙarfe, ka wanke da fetur, ka hura da famfon keke.

Kada ka sa allurar ɗinki ko ƙusa. Ƙarfensu ya fi tagulla tauri, za su faɗaɗa hujin, daga ranar inji ya zama mashayin mai, fulogi kullum baƙi.

Sai ƙaramin jet, wanda mutane ke mantawa. Yana sama, baƙar roba ce a ƙarƙashin sukurun da ke tokare totur. Ƙirga zagaye nawa ka kwance sukurun, ka ɓanɓaro jet ɗin a hankali da siririyar sukurdireba. Hujinsa kamar gashi yake, kuma shi ke riƙe inji in an rage wuta. A gefe akwai sukurun daidaita mai. In dole sai ka cire shi, ka fara murɗa shi ciki a hankali kana ƙirgawa har ya taɓa, kada ka matse, ka riƙe lissafin. Yawanci wajen zagaye biyu ne.

In ka sauke kafiretar gaba ɗaya ta hanyar kwance notina biyu na gidan filta, ka jera gaskit da baƙar robar da ke bayanta yadda ka same su. Gaskit ɗin yana da ƙaramin huji a gefe, in ka juya shi ya toshe hanyar iska, inji zai ƙi daidaita. Wanda ya yage ana iya yanko madadinsa daga kwali mai santsi marar kauri.

Idan ciki ya yi farin gari ya zaizaye saboda ruwa ya daɗe a ciki, kada ka ɓata yininka. Sabuwar kafiretar irin wannan inji tana ko'ina a kasuwa. Ka tafi da tsohuwar a hannu don a gwada maka.

6. Inji yana hawa yana sauka

Za ka ji shi wuu-wuu, sandar gwamna tana kai da kawo. Kusan kullum ƙarancin mai ne: ƙaramin jet ya toshe, ko iska tana satar shiga ta gaskit ɗin bayan kafireta. Ka ɗan rufe cok kaɗan. In ƙarar ta daidaita, ka tabbatar. Sai ka duba ko siririn sifirin nan ya fita daga gurbinsa.

Abin da ba za ka yi ba shi ne sassauta notin hannun gwamna ko miƙe sifirinsa don neman ƙarfi. An saita injin ya yi wajen zagaye 3,600 a minti. Wanda ya zarce da shi zai ji daɗin ƙarar kwana kaɗan, sannan sandar fistin ta fasa bango.

7. Matsi da bawul

Ja igiya a hankali. Ya kamata ka ji wuri guda da ta yi tauri sannan ta saki. In tana zuwa salalam kamar ba komai a ciki, babu matsi. In kuma ta yi taurin tsiya tana fizge hannu, tazarar bawul ce ta buɗe. Injin yana da dabarar rage matsi lokacin tayarwa, kuma ba ta aiki in tazarar ta yi yawa.

Ana saita bawul ne inji da sanyi. Kwance kusoshi huɗu na murfin kai. Bawul na ɓangaren kafireta shi ne na shigar mai, na ɓangaren salansa na fitar hayaƙi. Ja igiya a hankali ka ga duka biyun suna sauka suna dawowa. Wanda ya maƙale a ƙasa, abin da ke faruwa ga injin da ya kwana damina a ajiye, ka ɗiga masa mai ka riƙa dannawa har ya saki.

Cire fulogi, sa tsinke mai tsabta a ramin. Bayan bawul na shigar mai ya sauka ya dawo, ci gaba da ja har fistin ya turo tsinken ƙarshen sama, ka ɗan gota kaɗan. Tazarar da za ka auna tana tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi: na shigar mai milimita 0.15, na hayaƙi 0.20. Riƙe babban noti da lamba 14, sassauta ƙaramin da lamba 10, daidaita, ɗaure, sannan ka sake aunawa domin ɗauri yakan motsa shi. In babu geji, rezar aski mai baki biyu wajen 0.1 ce: biyu a haɗe su shiga na hayaƙi daf, na shigar mai kuwa ɗaya ta wuce sakwa-sakwa, biyu su ƙi. Dabarar fita kunya ce kawai, geji ba shi da tsada.

Bawul lafiya amma babu matsi? Zuba cokalin shayi ɗaya na baƙin mai a ramin fulogi, ka mayar da fulogi, ka ja. In tauri ya dawo, ringi ne ya cinye. In bai dawo ba, bakin bawul ko gaskit ɗin kai ne. Wannan, da injin da ke da wuta da mai amma yana harbi ta kafireta bayan ya taɓa tsayawa da ƙarfi, wanda yakan zama makullin fulawil ne ya karye, aikin bakanike ne mai kayan aiki.

8. Hayaƙi da zafi

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Kafin ka ɗora wa ringi laifi, duba ko an cika mai ya wuce kima, ko an karkata inji a hanya. Wannan yakan washe cikin 'yan mintoci. In ka ga baƙin mai ya ƙaru da kansa yana warin fetur, allurar fulot ce ke yoyo, fetur yana gangarawa ciki. Juye shi nan take ka sa sabo, kuma daga yau ka rufe famfon mai kafin ka ɗaura inji a mashin. Injin da ke zafi fiye da kima, buɗe murfin igiya ka share laka da ciyawar da suka cushe tsakanin haƙarƙarin silinda, domin iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Baƙin mai kuwa, sabon inji a canza bayan awa 20, daga nan duk awa 100. A cikin ƙurar rani ni ba na kaiwa nan.

9. Inji lafiya, ruwa ya ƙi zuwa

Wannan ba ciwon kai ba ne, na famfo ne. Ka cika shi da ruwa ta murfin sama kafin kowace tayarwa. In ya yi gudu a bushe, sil ɗin da ke tsakanin inji da famfo yana ƙonewa, alamarsa ɗigar ruwa daga tsakaninsu. Mafi yawan lokaci mesar ja ce ke shan iska. Duba robar bakin mahaɗi, ka naɗe wurin da igiyar tsohuwar tib tam. Rariyar bakin mesa ta nutse sosai amma kada ta kwanta cikin laka. In ruwan rijiya ya ja baya ya kai zurfin mita bakwai zuwa takwas daga inda inji yake, ba irin wannan famfon da zai jawo shi, sai dai ka haƙa rami ka sauke injin ƙasa kusa da ruwan. In ka yi haka, kada ka zauna cikin ramin inji na aiki, hayaƙi yana taruwa a ciki.

In an gama rani za a ajiye shi, rufe famfon mai ka bar shi ya yi aiki har ya mutu da kansa, juye tanki da kofin kafireta, buɗe kusar ƙasan famfo ruwa ya tsiyaye, ɗiga baƙin mai kaɗan a ramin fulogi. Sannan ka mayar da fulogi, ka ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri ka bar ta a nan, domin a wurin ne bawul biyun suke a rufe, danshin damina ba zai shiga silinda ba.